Daminar Da Aka Tuhume Ni Da Jiƙa Motar Baba

Wata safiyar Talata ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya buɗe ƙofar motarsa ta ɓangaren mai zaman gaba, ya sunkuya zai ɗauko takalmin gonarsa, sai ya tsaya cak a sunkuye kamar wanda ya yi ruku'u ya manta da ɗagowa. Ina bakin zaure da kofin koko a hannu da ƙosai a baki, ina kallon bayansa. Da ya ɗago, takalmin yana ɗigar ruwa, hancinsa kuwa ya tattare ya koma kamar busasshiyar kuɓewa. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi akuyarmu da ke ɗaure a gindin darbejiya, sannan idonsa ya zo kaina ya sami wurin zama. "Wa ya shiga motar nan jiya?" Ƙosan nan ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na rantse har yau idan hadari ya haɗo ina jin wurin da ya tsaya.

Baba malamin gona ne a Birnin Kudu, motar kuwa ta girme ni nesa ba kusa ba. Mai Tari muke kiranta, don ba ta tashi sai ta yi tari irin na tsohon da ya shekara hamsin yana shaƙar taba, idan kuma ta tashi kajin unguwa sai sun bar gari. Da ita yake zuwa Surko da Unguwar Ya duba gonakin mutane, da ita kuma muke zuwa Gwaram gaida mahaifiyarsa, kakarmu Iya. Baba yana da aƙida biyu game da Mai Tari, kuma ba a yi masa gardama a kansu. Ta farko, motarsa ba ta yoyo. Ta biyu, motarsa ba ta fita cikin ruwa, domin waifarta mai share ruwa a gilashi guda ɗaya ce ke motsi, ita ma sai ta ga dama. Da ya ga gabas ta yi baƙi sai ya ajiye ta a gindin darbejiya, ya ɗaga gilasanta har ƙarshe, ya hau keke. Saboda haka babu mahaluƙin da ya taɓa zama cikin Mai Tari ana ruwa. Bai yarda a rataya mata komai ba kuma. Da rani, bayan wani bijimi ya gitta masa a hanyar Gwaram ya kusa tura shi rami, Iya ta sa an ɗinka masa laya don ya rataya a jikin madubi. Ya karɓa da hannu biyu, ya mayar mata da hannu biyu, ya ce addu'arta ta ishe shi. Iya ba ta ce uffan ba. Mu da muka san ta ya kamata a ce shirun nan ya ba mu tsoro.

To, me ya sa ido ya tsaya a kaina? Ina da tarihi. Har na shiga aji biyu ina fitsarin kwance, irin wanda mahaifiyata Inna take cewa da a gona nake kwana da Baba bai sayi taki ba. Na daina, damina biyu ke nan tabarmata a bushe kamar ƙasar Maris, amma a gidanmu ba a yafe wa mutum tarihinsa. Sannan kowa ya san ƙofar nan ta mai zaman gaba ba ta kulluwa, kowa kuma ya san idan na dawo daga makaranta, kafin a tura ni yankan ciyawar awaki, nakan lallaɓa in shige in kama sitiyari. A zaune a gindin darbejiyar nan na kai Mai Tari Kano, na kai ta Ikko, na kai ta Makka na dawo ban sha mai ba. Wani lokaci gajiyar tafiya takan sa barci ya kwashe ni a kan kujera.

Mai gabatar da ƙara ita ce Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Mace ce da idan tsintsiya ta ɓata a gida sai ta binciki liman. Ta fito da carbinta, ta durƙusa a bakin motar, ta sa hanci a dardumar ƙasa, ta ja numfashi har sai da na ga dardumar ta ɗaga. Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa ta ce, "Zarni ne. Ni na yi renon yara, ba a layance mini." Ta yi wa Baba bayanin yadda abin ya faru kamar tana wurin: na yi barci a kujera, kujerar leda ce ba ta shan ruwa, abin ya gangara ya taru a ƙasa. Yau na san tsohuwar darduma idan ta jiƙe ta kwana a rufe, warin da take yi ko alƙali zai rantse zarni ne. A ranar ban sani ba. Ni kaina da na sunsuna sai da na fara shakkar kaina.

Aka shanya darduma a kan danga, aka hana ni kusantar mota. Bayan kwana biyu ta sake jiƙewa. Aka sake shanyawa, ta sake. Daga nan gidanmu ya zama gidan zargi. Inna takan shafa tabarmata kowace safiya ta nuna wa Gwaggo tafin hannunta a bushe, Gwaggo ta ce ai wannan ita ce babbar hujja, yaro ya mayar da sana'arsa mota. Da na yi ƙarfin hali na ce na lura sai an yi ruwa abin yake faruwa, sai ta ce, "A Agusta wace rana ce ba a ruwa? Kuma dama sanyi ne ke tayar da ciwonka." Baba kuwa ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa gilasai, ya shafa rufi, ya ce ko allura ba za ta shiga ba balle ruwa.

Ni ma na buɗe nawa ofishin binciken. Na fara da ƙanena Sabo, wanda ya gaje ni a harkar tabarma, amma hannunsa bai kai mariƙin ƙofar ba, na ɗaga shi na gwada. Na koma kan akuya, na zauna ina kallonta tana tuƙa tana kallona, kallon wadda ta san wani abu. Na zargi maƙwabcinmu da ya taɓa neman aron motar aka hana shi. Na zargi Gwaggo da kanta, na ce ƙila buta take ɗauka ta zuba don ta ga bayana, saboda na taɓa cinye mata ƙanzo. Wata rana da yamma na ɗebi toka a murhu na barbaɗa kewaye da motar don in kama sawun mai laifi. Gari ya waye ruwa ya wanke tokar tas, in ban da wani ɗan wuri a ƙarƙashin ƙofa inda sawu biyu suka fito raɗau: na kaza da nawa. Gwaggo ta kira mutanen gida su zo su gani.

Labari kuma ya riga ni zuwa makaranta, don Sabo bakinsa ba ya riƙe ko da iska. A filin wasa lokacin hutun tara, inda nake sarkin langa, babu wanda ya yarda ya shiga ɓangarena. Motar karan da na ƙera da tayoyin silifas, wadda yara suke layi su ja, aka ce kada a taɓa, a jiƙe take. Suka raɗa mini suna Direban Tanka. Ko a gona, ina bin bayan Baba muna maimai a cikin gero, idan na ce zan zagaya sai ya bi ni da kallo, kamar yana lissafin abin da ya rage a tankin.

Hukunci ya fito daga bakin Gwaggo: ranar Asabar za a kai ni Gwaram, Iya ta ɗaura mini kwaɗo. Yaran yanzu ba su san wannan ba. A lokacinmu idan yaro ya ƙi daina fitsarin kwance, sai a kamo kwaɗo mai rai a ɗaura masa a ƙugu, a ɗora masa tabarmarsa a ka, yaran unguwa su bi shi lungu-lungu suna tafi suna yi masa waƙa. Wai kunya da tsoro su ne maganin. Wanda aka yi wa haka, ko ya zama hakimi, tsararsa ba sa mantawa. Ni kuwa a Gwaram ake ganin girmana, ɗan birni mai motar uba. Aka aika wa Iya saƙo ta hannun wani direban kasuwa cewa ta sa a tanadi kwaɗo.

Asabar ta zo da rana tarwai, don haka Baba ya yarda Mai Tari ta fita. Gwaggo ta sha sabon zaninta na atamfa ta hakimce a gaba, a kujerar da nake zama kullum, ni aka cusa ni baya tsakanin buhun masara da damin rake, da tabarmata a naɗe a kan cinya. Mun wuce duwatsun bayan gari, gero da dawa sun rufe hanya dama da hagu sun fi motar tsayi, ina kallonsu kamar wanda ba zai sake ganinsu ba. Mun yi nisa, babu gari kusa, sai iska ta juya. Kafin Baba ya gama salati sama ta tsage. Waifa ta yi shara biyu ta ce ta gaji. Dole ya gangara gefen titi ya kashe mota, motar ta ɗan karkata ɓangaren Gwaggo, muka zauna muna sauraron ruwa yana dukan rufi kamar ana sussuka.

Can sai na ga Gwaggo tana mutsu-mutsu. Ta gyara zama, ta sake gyarawa, ta ja ƙafa, ta matse jikin ƙofa. Baba ya waiga ya dube ta, ya dubi cinyarta, sai na ga hancinsa ya fara tattarewa irin ta ranar Talatar nan. Na leƙo ta tsakanin kujeru. Sabon zanin nan ya jiƙe sharkaf daga gwiwa har ƙasa, ruwa ya taru a takalminta. Baba ya buɗe baki a hankali ya ce, "Yaya Asabe..." Ta daka masa tsawa: "Kai, kiyaye ni! Motarka ce! Ga shi nan yana ɗigowa!" Muka sunkuya mu uku. Daga ƙarƙashin dashbod ruwa yake fitowa, ɗis, ɗis, sannan ya zama zare. A rayuwata ban taɓa ganin abu mai kyau irin zaren ruwan nan ba. Na koma na jingina da buhun masara, na ce cikin ladabi, "Baba, a Gwaram ana samun kwaɗon manya?" Ranƙwashin da Gwaggo ta juyo ta sakar mini, wurin bai sake fitar da gashi daidai ba, duk mai shakka ya zo in cire hula.

Kada ku ɗauka an sallame ni nan take. Muna isa Gwaram muka tarar da yaran unguwar Iya sun yi dafifi a ƙofar gida, ɗaya yana riƙe da tsohuwar ƙwarya a rufe da faifai. Ya ɗaga mini faifan. Kwaɗon da ke ciki ya kai ɗan akuya, yana kumbura wuya yana dubana kamar an gaya masa sunana. Gwaggo, tana matse zani, ta ce yoyon yau daban, na kwanakin baya daban, kada a saki kwaɗo tukuna. Baba kuma bai gama yarda motarsa ta ci amanarsa ba, ya ce ƙila ruwan ta ƙasa ya fantsamo. Aka kira wani mai gyaran jikin mota da ke bakin tasha, Ado, ya zo da sukundirebansa a aljihu. Baba ya tsaya a kansa yana harararsa, don a wurin Baba duk bakanike da ya kalli Mai Tari sau biyu so yake ya ƙirƙiro mata ciwo.

Shawara ta tsaya a kan a yi wa motar ruwan sama na ƙarya. Aka goge ko'ina ya bushe, aka cire darduma, Ado ya shafa toka a jikin robar da ta zagaye gilashin gaba ta ciki, ya bi da ita har ƙarfen gefe, don duk inda ruwa ya bi ya bar sawu. Tokar da ta tona ni a Birnin Kudu ita aka ɗauko ta wanke ni a Gwaram. Aka ce in kwanta a ƙasan mota in sa kai ƙarƙashin dashbod, tunda ni ne ƙarami kuma ni ne mai shari'a. Baba ya ɗauki buta da kansa, bai yarda da hannun kowa ba. Ado ya ce a fara daga ƙasa a hau sama a hankali, don idan aka fara daga sama ruwa zai jiƙa ko'ina a rasa ta inda ya shiga. Baba ya zuba a gindin gilashi, shiru. Ya zuba a gefen direba, shiru. Ya zuba a tsakiya, shiru. Kowace buta ta ƙare ba ɗigo, sai in ji yaran nan sun matso da ƙwarya.

A nan ne na lura da Iya. Tsohuwar da kullum idan na zo take tarye ni da "Maigidana ya iso, me ka kawo mini?", yau ko kallona ba ta yi ba. Sai kaiwa da komowa take yi. Ta ce tuwo zai huce. Ta ce ana yi mata ɓarnar ruwan randa. Ta ce mota ta sha hanya a bar ta ta huta. Da Baba ya nufi kusurwar sama ta ɓangaren mai zaman gaba, sai ta ce wai ita tana jin jiri, a zo a kama ta. Wata guda na yi ina zargin mutane har da dabbobi, ban taɓa kawo Iya a raina ba sai a lokacin.

Baba ya tuntsura butar a kusurwar. Ban ƙirga uku ba na ga layi baƙi ya tsaga tokar, ya gangaro ta jikin ƙarfen gefe, ya ɓace a bayan dashbod, sannan ɗigo mai sanyi ya sauka a tsakiyar goshina. Ihun da na yi, an ce har a kasuwa an ji. Ado ya hau kan taya, ya sa bakin sukundireba ya ɗaga leɓen robar, ya ce ai nan a buɗe take, kuma akwai abu a ciki. Ya zaƙulo wani abu baƙi, kumburarre, mai santsi. Na ɗauka ƙanin kwaɗon ne. Ya ɗora a tafin hannunsa, kowa ya matso. Laya ce. Ita dai layar nan ta rani, ta sha ruwan damina ta kumbura, ta ɗage tsohuwar robar ta tsaga ta, ta buɗe wa ruwa ƙofa.

Baba ya juya ya dubi mahaifiyarsa. Iya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, jirin ya warke, ta ce, "To, ni ce. Turmi na kifa na hau, da wutsiyar cokali na tura ta, ranar da ka tafi masallaci. Ka ce ba za ka rataya ba, ai ban rataya ba. Tun da na sa ta, saniya ta sake gitta maka?" Baba ya ajiye butar a ƙasa. Sai Iya ta juyo gare ni, ta ce wai ita ba ta san a mota aka ce na yi ba, da ta sani da ba ta sa an wahalar da kwaɗo ba. Ban yarda da wannan magana ba a ranar, yau ma ban gama yarda ba.

Gyaran ya cinye yinin. Ado ya ce robar ta mutu, ta bushe kamar ganda, a sa mata gam ɓata lokaci ne. Ya koma tasha ya samo wata ta jikin irin motar da ta daina tafiya, mai sauran laushi. Suka turo gilashin waje a hankali, Baba yana riƙe da shi kamar jariri yana ta "a hankali, a hankali". Ƙarƙashin robar, inda ruwa ya daɗe yana kwana, tsatsa ta ci ƙarfen ta yi ja. Aka ba ni samfefa na goge har ya yi fari, Ado ya shafa jan fenti, muka jira ya bushe muna cin tuwon da ya huce. Sannan ya sa wa gilashin sabuwar robar, ya cusa siririyar igiya cikin kwarminta ta zagaye, ya shafe ta da ruwan sabulu. Muka ɗora gilashin a mazauninsa, ni da Baba muna dannawa ta waje da tafin hannu, shi yana ciki yana jan igiyar kaɗan-kaɗan, leɓen robar yana hawa kan ƙarfe yana kamawa. Ya bi gefen da baƙin gam. Da la'asar Baba ya juye wa motar rabin randar Iya, ina ciki a kwance, ko ɗigo. Yaran unguwa suka saki kwaɗon ba da son ransu ba, ya yi tsalle ya shige cikin yakuwa, bai ko waiwayo ba.

Gwaggo ba ta ba ni haƙuri ba har ta koma ga Allah, amma a daren nan tsokar da ta fi kowace girma a miya a kwanona ta sauka, kuma ita ta raba. Baba shi ma bai ba ni haƙuri da baki ba. Da za mu koma washegari sai ya buɗe ƙofar gaba ya ce wa Gwaggo baya ta fi iska, ni kuma ya bar ni na danna hon tun daga ƙofar Iya har bakin tasha. Layar kuwa ya shanya ta a rana, ya miƙa wa Iya da hannu biyu kamar wancan karon, ta karɓa ba ta ce uffan ba. Shekaru bayan rasuwar Iya, da Mai Tari ta yi tarinta na ƙarshe aka sayar wa masu sayen ƙarfe, ina tsaye suna farke ta. Suka ciro laya ɗaya a cikin soson kujerar direba, wata a cikin ƙofa, wata a bayan fitila. Baba, da furfurarsa, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya hure musu ƙura, ya zuba a aljihun gaban rigarsa. Bai yi wa kowa wa'azi ba ranar.

Yau ni ma ina da mota, mai sanyi, mai waifa biyu da ke aiki ko ba a roƙe su ba. Nakan bi hanyar Gwaram cikin ruwa da 'ya'yana a baya, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, ba wanda ya san ana ɗaura wa mutum kwaɗo, idan na ba su labari sai su ce Baba ya fara ƙarin gishirinsa. Gilashin motar manne yake da jikinta, babu roba, babu leɓen da za a ɗaga. Wani lokaci idan na tsaya a ƙofar tsohon gidan Iya nakan kai hannu kusurwar nan ta sama in shafa, sumul, ko wutsiyar cokali ba za ta shiga ba. Motar ba ta yoyo ko kaɗan. Babu dai wanda ya taɓa kifa turmi ya hau saboda ni.